Nazarin Lamari: Ɗan Kasuwar da Ya Yi Niyyar Haddace Alƙur'ani Cikin Shekara Ɗaya

## Wane ne mutumin

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne ɗan shekara 38, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, wanda yake sayar da atamfa da shadda a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano. An ɓoye sunansa da unguwarsa, kuma za a riƙa kiransa ɗan kasuwar. Ya yi makarantar allo yana yaro, daga baya ya shiga Islamiyyar dare, inda ya haddace izu biyar na ƙasa, wato daga Suratul Jumu'a zuwa Nasi, kafin ya cika shekara 15. Daga nan boko da kasuwa suka ɗauke hankalinsa, bai ƙara komai a kan haddarsa ba, ko da yake bai daina tilawa da kallon mushafi ba, musamman a watan azumi da ranakun Juma'a.

Yininsa a cike yake. Bayan sallar Asuba yakan ɗan kishingiɗa, ya tashi ya kai yara makaranta, ya buɗe shago wajen ƙarfe goma, ya rufe dab da Magariba. Bayan Isha'i sai lissafin ciniki da amsa saƙonnin abokan hulɗa na wasu garuruwa, don haka da wuya ya kwanta kafin sha ɗaya da rabi na dare. Ba shi da wata larura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa da aka sani, kuma a kasuwa an san shi da riƙe farashi da bashin mutane masu yawa a ka ba tare da duba littafi ba.

## Afrilu 2023: niyya da lissafin farko

A azumin shekarar 2023, wanda aka ɗauka ranar 23 ga Maris, wani yaro da bai wuce shekara 14 ba ya ja su sallar tahajjud a masallacin unguwa. Ɗan kasuwar ya ce a daren ya rasa barci, yana tunanin cewa yaron sa'an ɗansa na fari ne, shi kuwa ya kusa arba'in yana nan a izu biyar. Kafin a yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu ya riga ya ƙulla niyyar kammala haddar Alƙur'ani gaba ɗaya kafin azumi mai zuwa.

Lissafin da ya yi a bayan wata tsohuwar takardar rasit ba shi da kuskure ta fuskar ƙidaya. Mushafin bugun Madina yana da shafi 604, kusan kowane shafi layi 15. Izu biyar ɗinsa sun ɗauki shafi 52, saura 552. Idan ya haddace shafi biyu kullum zai gama cikin kwana 276, alhali daga Litinin 24 ga Afrilu zuwa jajibirin azumin 2024 akwai kwana kusan 320, wato yana da rarar kwana arba'in da 'yan kai don tafiya ko rashin lafiya. Ya zaɓi ya fara daga Baƙara, bisa tunanin cewa idan ya kawar da sura mafi tsawo tun yana da zafin nama, sauran za su zo da sauƙi. Ya sanar da iyalinsa, ya gaya wa maƙwabtansa na shago, ya kuma ɗora niyyar a WhatsApp yana neman addu'a. Bai ware wa bita wani lokaci ba, kuma bai tuntuɓi malami ba.

## Afrilu zuwa Yuli 2023: yadda shirin ya fara sukurkucewa

Kwana goma sha biyun farko sun tafi daidai, ya yi shafi 24. Yana ɗaukar shafi ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan Isha'i, kuma yakan ce wa kansa ya haddace shafi da zarar ya iya karanta shi sau ɗaya da mushafin a rufe. A rana ta sha uku kaya suka iso masa daga Legas da dare, bai koma gida ba sai bayan sha biyu. Washegari ya buɗe sabon layi a littafinsa ya rubuta masa suna "bashi", ya sa shafi biyu a ƙarƙashinsa, ya ɗora wa kansa huɗu a ranar. Uku ya iya yi.

Daga nan layin bashin bai sake komawa sifili ba. A ƙarshen Mayu ya yi shafi 38 a maimakon 76. A daidai wannan lokaci aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Ya ajiye motarsa ya koma hawa adaidaita sahu, wanda ya sa dole ya riƙa fita da yara da wuri, zaman safiyarsa ya ragu da kusan rabin awa. Sai kuma cinikin Babbar Sallah ya taso. Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san yadda take cika a makonni biyun da ke gaban kowace Sallah, kuma shi kansa ya shekara fiye da goma yana ganin haka, amma lissafinsa bai tanadi komai dominsa ba. Daga tsakiyar Yuni har aka yi Sallah ranar 28 ga wata bai ɗauki sabon shafi ko ɗaya ba.

A cikin Yuli ya kai ƙarshen Baƙara, shafi 48 ke nan. Wani dare ya ba 'yarsa mai shekara 12 mushafi ya ce ta riƙe masa zai karanto daga farko. Ya tafi lafiya har shafi na bakwai. A aya ta 47 akwai kiran Banu Isra'ila da su tuna ni'imar Allah, kuma wannan aya ta sake zuwa da lafazinta a ta 122. Ayoyin da ke bin su, ta 48 da ta 123, sun fara da kalmomi iri ɗaya, sai dai a ta farko an gabatar da ceto kafin fansa, a ta biyu kuma fansa kafin ceto. Ɗan kasuwar ya shiga ta 48 ya fita ta 123, ya ci gaba da labarin Annabi Ibrahim cikin natsuwa, bai san ya ƙetare aya saba'in da biyar ba. Yarinyar ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Abba, ka tsallake da yawa." Da ya koma wurin da ya kauce, sai ya ga shafukan da ke tsakani ma ba ya iya kawo su sai an ɗora masa farkon kowace aya.

## Yuli zuwa Satumba 2023: gyare-gyaren da suka ci tura

Fassarar da ya yi wa abin da ya faru ita ce ya yi sakaci, don haka duk gyaran da ya kawo na ƙara matsa wa kai ne, adadin shafi biyun kuwa bai taɓa shi ba.

Da farko ya haɗa zaure a WhatsApp da wasu abokansa masu irin wannan buri, aka yi sharaɗin kowa ya sanar da lambar shafin da ya kai kafin ya kwanta. A makon farko abin ya taimaka. Bayan haka, ganin wasu suna sanar da shafi biyu kullum, sai ya fara sassauta ma'aunin abin da yake kira hadda, har ya kai yana sanar da shafin da ya maimaita sau biyar ko shida da ido kawai. Ya ce bai ɗauki hakan ƙarya ba a lokacin, yana ganin zai dawo ya ƙarfafa su daga baya.

Na biyu, ya yanka wa kansa tara: duk ranar da ya rasa zai ba da sadakar naira dubu. A watan Agusta ya biya naira dubu goma sha ɗaya. Abin da ya lura da shi da kansa shi ne, da zarar ya miƙa kuɗin ga mabukaci a bakin kasuwa sai ya ji nauyin ya sauka, domin ranar ba ta tashi a banza ba, ya samu lada ta wata hanyar. Tarar ta sauƙaƙa masa fashin da aka sa ta don ta hana.

Na uku, ya koma tashi ƙarfe uku da rabi na dare ba tare da ya sauya lokacin kwanciya ba. Ya jure kwana shida. A rana ta shida yana gyangyaɗi a shago ya yanka wa wata mata shadda da ƙarancin yadi ɗaya, aka dawo da ita, ya ɗauki asarar. Bai sake tashin ba.

Ranar 30 ga Satumba littafinsa ya nuna shafi 55, wato Baƙara da shafi bakwai na Ali Imrana, a maimakon 320. Layin bashi ya kai 265.

## Oktoba da Nuwamba 2023: tsayawa cak

A wannan wata biyu bai buɗe littafin ba. Ya fice daga zauren WhatsApp ba sallama, ya sauya masallacin da yake sallar Asuba don kada ya haɗu da wani abokinsa mai yawan tambayarsa inda ya kai, kuma har karatun Suratul Kahfi na ranar Juma'a, wanda ya shekara da shekaru yana yi, ya daina. Ya bayyana cewa ganin mushafin kansa yana tuna masa da lambar nan 265. Idan matarsa ta tambaye shi, amsarsa ita ce hadda ta yara ce, shi ƙwaƙwalwarsa ta riga ta tsufa. A wannan mataki yana karanta Alƙur'ani ƙasa da yadda yake yi kafin ya ƙulla niyyar.

## Disamba 2023: gwaji da awo

A farkon Disamba, a wurin wata ta'aziyya, ya zauna kusa da wani dattijon alaramma da ke limancin ƙaramin masallacin da ya koma. Hira ta kai su ga batun, malamin ya ce ya same shi bayan Asuba.

Abu na farko da malamin ya yi shi ne sauraro. Cikin zama uku ya saurari duk abin da ɗan kasuwar yake ganin ya haddace. Daga shafi 55 ɗin, kimanin shida ne ya kawo ba tare da an ɗora masa ba, kuma a cikinsu akwai Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyun ƙarshen Baƙara, waɗanda ya sani tun yana yaro. A tsofaffin izu biyar ɗin kuwa, Sabbi da Amma suna nan daram, Tabara tana da ramuka, sauran biyun sun yi sako-sako.

Daga nan malamin ya hana shi sa wa kansa kowane adadi har tsawon mako biyu. Ya ce ya zauna duk safiyar da ya samu hali, ya rubuta abu uku kawai: ko ya zauna, minti nawa ya yi, da kuma layi nawa daga karatun jiya ya iya kawowa yau da ka. Sakamakon ya fito kamar haka. Ya zauna kwana 10 cikin 14. Matsakaicin zamansa minti 35 ne kafin hidimar yara ta taso. Abin da yake kwana a kansa ya wayi gari da shi bai wuce layi biyar zuwa shida ba, ko da ya ɗauki cikakken shafi ko rabinsa. Wannan ne karon farko da ya ga adadin da ya fito daga rayuwarsa, domin shafi biyun da ya ɗora wa kansa kullum da farko daga kalanda ya samo su.

## Janairu zuwa Maris 2024: sabon tsari

Tsarin da suka daidaita a kai ya fara aiki ranar Asabar 6 ga Janairu. Sabon karatu layi biyar ne, sulusin shafi, daga Asabar zuwa Laraba. Alhamis da Juma'a babu sabo, sai tishe, wato bitar karatun baya, kamar yadda makarantun allo suka saba hutawa a waɗannan ranaku. Wurin zama da lokacinsa guda ne: da zarar an idar da azkar na bayan Asuba, kafin ya miƙe daga sahu, zai buɗe mushafin da ya ajiye a tagar masallaci. Mushafi ɗaya zai riƙe, ba zai riƙa sauyawa tsakaninsa da na waya ba, domin mahaddaci yana dogara da tuna inda aya take a shafi. Minti goman farko na karatun kwanaki biyar da suka wuce ne, sannan sabo. Tsohuwar hadda kuma zai riƙa bin ta a nafilfili da kuma cikin adaidaita sahu, shafi uku a yini. Layi ba ya shiga littafi sai malam ya saurare shi washegari. An jingine Baƙara, aka koma inda ya tsaya yana yaro, daga Suratus Saffi zuwa sama, inda surorin gajeru ne kuma kunnensa ya saba da su.

Sharuɗɗa biyu ne suka fi ba shi mamaki. Na ɗaya, an soke layin bashi gaba ɗaya, ranar da ta wuce ta wuce, washegari layi biyar ne ba goma ba. Na biyu, an tanadi abin da zai yi a ranar da ta ƙwace: idan ya makara ko ya kwana a hanya, zai karanta layi biyar na jiya sau uku a duk inda yake, kuma wannan ya isa a ce bai yanke ba.

Da ya yi lissafi ya ga layi 25 a mako zai kai shi sama da shekara shida kafin ya gama shafi 552, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, shekara shida fa ke nan." Malamin ya ce, "Alhaji, shekara nawa ka yi ba ka ƙara ko aya ɗaya ba?" Ya ce ashirin da uku. Malamin ya ƙara da tambayarsa ko in ya tashi rufe shago cinikin da aka yi da baki yake ƙirgawa ko kuɗin da ya shiga aljihu. Ɗan kasuwar ya karɓi tsarin, amma ya faɗa daga baya cewa ya karɓa ne don kunyar dattijo, a ransa yana ganin layi biyar aikin yara ne.

Zuwa ranar 10 ga Maris, jajibirin azumin da a da ya sa ran zai shiga yana mahaddaci, ya zauna kwana 39 cikin kimanin 45 na sabon karatu. Ya samu shafi 13 da malam ya saurara: ya kammala izu na shida, daga Mujadala zuwa Saffi, ya kuma shiga Hadid.

## Maris zuwa Satumba 2024: azumi, ƙari da rashin lafiya

A azumin 2024, wanda ya fara ranar 11 ga Maris, ɗan kasuwar ya nemi ya ninka karatu saboda falalar watan. Malamin ya ba da shawarar akasin haka, wato a dakatar da sabo baki ɗaya a yi ta bitar izu shidan, tunda an san goman ƙarshe za ta haɗa masa tahajjud da cinikin Sallah. Haka aka yi. A ƙarshen watan ramukan Tabara sun toshe, izu biyun da suka yi sako-sako sun dawo.

Bayan Sallah, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu, ya ci gaba da layi biyar har ƙarshen Mayu. Ganin ya daɗe yana cika aƙalla kwana huɗu cikin biyar, sai aka ɗaga masa zuwa rabin shafi daga Yuni, aka kuma cire makonni biyun gabanin Babbar Sallah tun kafin su zo. A Yuli ya ɗaga wa kansa zuwa cikakken shafi bai gaya wa malam ba. Littafin ne ya tona shi, domin cikin mako biyu layukan da suke wucewa a sauraron safe ba su ƙaru ba, kurakurai kuma suka fara bayyana a karatun makon da ya gabata. Ya koma rabin shafi da kansa.

A Satumba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, sannan ya kama ƙaramin ɗansa, aka yi mako uku babu sabon karatu. Wannan hutu ya fi wanda ya fara rusa shi a Yunin 2023 tsawo. Da ya warware ya yi kwana uku yana bita, ya ɗora daga inda ya tsaya.

## Oktoba 2024 zuwa Fabrairu 2025: inda aka kwana

A tsakiyar Oktoba ya kai farkon Suratul Ahƙaf, izu goma ke nan. Aka tsayar da sabo na mako uku aka bi su duka. Tunda tsohon karatu ya haura shafi ɗari, shafi uku a yini ba ya zagaye shi da wuri, sai aka mayar da ranakun sabo huɗu, Laraba ta koma cikin ranakun tishe.

A ƙarshen Fabrairu 2025, dab da azumin da aka ɗauka ranar 1 ga Maris, ya kai farkon Suratu Fussilat. Haddarsa ta zama shafi 128, kimanin izu goma sha biyu da rabi, 76 daga ciki sababbi ne da ya samu cikin wata goma sha huɗu. A gwajin da malam ya yi masa, yana buɗe wuri ya ja baƙi ya ce ya ci gaba, kuskurensa bai wuce ɗaya zuwa biyu a shafi ba. Saura shafi 476.

## Me ya rusa yunƙurin farko

Ba a rasa himma a yunƙurin farko ba, mutumin da ya tashi ƙarfe uku da rabi ya kuma biya tara daga aljihunsa ba za a kira shi malalaci ba. Matsalar tana cikin yadda aka samo adadin. Ya fara da ranar da yake so ya gama, ya raba shafuka a kan kwanaki, bai tambayi abin da safiyarsa za ta iya ɗauka ba. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'a tun 1979: mutum yakan tsara aiki bisa hoton yadda zai tafi in komai ya daidaita, ya mance da yadda irinsa ya tafi a baya. A wani bincike da Roger Buehler da abokan aikinsa suka wallafa a 1994, ɗaliban wata jami'a a Kanada sun yi hasashen gama kundin digirinsu cikin kwana 34 a matsakaici, suka ce ko komai ya lalace ba za su wuce 49 ba, amma sai da suka ɗauki kusan 56. Rarar kwana arba'in ta ɗan kasuwar irin wannan ce. Ya ware ta don abin da ba a zata ba, sai abubuwan da ya sani sarai, irin su cinikin Sallah da isowar kaya, suka cinye ta.

Na biyu, ya ƙirga abin da ya shiga, bai ƙirga abin da ya zauna ba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna a Jamus cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a awanni da kwanakin farko bayan koyo, sai in an maimaita. Mahaddata sun riga shi sanin haka, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi umarni da a riƙa bibiyar Alƙur'ani domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Shirin da babu bita a cikinsa ko da an cika shi ɗari bisa ɗari ba zai haifar da hadda ba.

Na uku, kuma a ganina shi ne mafi muni, layin bashi. Ya mai da kowace rana da aka rasa ta zama nauyi a kan ta gaba, har aikin gobe ya fi na jiya da aka kasa girma. Janet Polivy da Peter Herman na Jami'ar Toronto, waɗanda suka daɗe suna nazarin masu ƙoƙarin rage cin abinci, sun bayyana yadda wanda ya karya dokar da ya sa wa kansa yakan ce tunda ta karye bari ya saki gaba ɗaya, da kuma yadda masu buri mai wuce kima sukan ɗora laifin gazawa a kan ƙarancin ƙoƙari, su sake ɗaukar burin nan ba gyara. Duka biyun sun bayyana a nan. Gyare-gyaren Yuli zuwa Satumba duk bulala ce, kuma a ƙarshe hukuncin ya tashi daga kan shirin ya koma kan mutumin, ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta tsufa. Sanarwar da ya yi wa jama'a ta ƙara kunya a kai, ita ce ta kai shi ga sauya masallaci.

## Me ya sa na biyu ya tsaya

Mako biyun awo na Disamba su ne ginshiƙi, domin sun ba shi adadin da ba zai iya musantawa ba, tunda da hannunsa ya rubuta. Edwin Locke da Gary Latham, waɗanda suka shafe shekaru suna bincike a kan kafa buri, sun samu cewa buri bayyananne mai ɗan wuya ya fi "zan yi iya ƙoƙarina" haifar da aiki, amma da sharaɗin yana cikin ikon mutum kuma yana samun bayanin yadda yake tafiya. Shafi biyu bayyananne ne kuma mai wuya, sai dai ya fi ƙarfinsa, kuma babu mai sauraronsa. Layi biyar yana bakin iyakar abin da aka auna, sauraron malam kuma ya hana ma'auni sassautawa yadda ya sassauta a zauren WhatsApp.

Matso da buri kusa ya gyara yadda yake kallon kansa. A 1981 Albert Bandura da Dale Schunk sun ba yara masu rauni a lissafi darussan ɗebewa. Waɗanda aka ce su nufi shafi shida a kowane zama sun fi waɗanda aka ce su nufi shafi 42 a ƙarshen zama bakwai ci gaba da amincewa da kansu, ko da yake jimillar aikin ɗaya ce. Ɗan kasuwar ya daina maganar tsufan ƙwaƙwalwa ne bayan ya kammala izu na shida, ba don wani ya lallashe shi ba.

Ɗaure karatun ga azkar na Asuba da mushafin da ke taga ya dace da abin da Peter Gollwitzer ya nuna a 1999, cewa niyyar da aka haɗa da takamaiman lokaci da wuri, "idan kaza ya faru zan yi kaza", ta fi niyya tsura cika. Soke bashi ma yana da madogara. A binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan a kan mutum 96, sabuwar ɗabi'a ta ɗauki kwana 66 a tsaka-tsaki kafin ta zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma rasa rana ɗaya bai yi wa tafiyar wata illa ta a zo a gani ba. Malamin bai san waɗannan sunaye ba. Madogararsa hadisin Nana A'isha ne cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, da kuma tsarin tsangaya da ya tashi a ciki.

Akwai abin da ya kamata a faɗa don adalci ga yunƙurin farko. Da wuya layi biyar ya tayar da mutum daga barcin shekara ashirin da uku, babban burin ne ya tayar da shi, kuma ƙoƙarinsa na ninkawa a azumi da ƙarin da ya yi a ɓoye a Yuli sun nuna wannan ɗoki bai mutu ba, an dai samu littafi da malami da suke taka masa birki. Tsarin kuma bai gama fuskantar jarrabawarsa ba. A kan saurin da yake yi, kimanin shafi biyar da rabi a wata, saura fiye da shekara bakwai, wato ya ma zarce shidan da ya yi ƙorafi a kai. Nauyin bita yana ƙaruwa da kowane izu, ya riga ya cinye rana ɗaya daga ranakun sabo, kuma minti 35 na safe ba su ƙaru ba. Malamin ya riga ya gaya masa cewa idan ya kai izu ashirin dole a samo wani zama na biyu a yini, ko dai tsakanin Magariba da Isha'i ko kuma a rage lissafin dare, sun kuma ajiye maganar sai bayan Babbar Sallar 2025.